Kurakuran da ake tafkawa da sunan "ƙwaƙwalwa tana buɗewa"

Shekara 14 ke nan ina koyar da lissafi ga yaran da ke shirin WAEC da JAMB, da safe a aji, da yamma a zauren gidanmu inda nake lesin. A 'yan shekarun nan wata magana ta shiga bakin sababbin malamai da iyaye: wai basira ba a tsaye take ba, ƙwaƙwalwa tana buɗewa in aka ba ta aiki. Na yarda da maganar. Abin da ya ishe ni shi ne yadda ake ɗaukarta kamar laya, a rataya wa yaro a wuya a juya baya, sannan a zo ana salati in ya kwaso F9.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya da bakina na tafka shi, wato yabon yaro da cewa haziƙi ne. An kawo mini wani yaro yana aji uku na ƙaramar sakandare. Kafin in gama rubuta tambaya a allo ya ɗaga hannu. Na sa masa suna Kwamfuta, aji ya ɗauka. In baƙo ya shigo sai in tashe shi in yi burga da shi. "Alhaji, wannan ai baiwa ce," haka nake faɗa wa mahaifinsa duk ƙarshen wata. Da aka shiga SS2, muka zo lissafin kusurwoyi, karatu ya cije masa karo na farko a rayuwarsa. Me kuke tsammani ya yi? Bai tambaya ba. Ina Kwamfuta ina tambaya? Ya koma bencin baya, ya riƙa kwafar aikin gida wajen wata yarinya da a da ko kallonta ba ya yi. In na ce wa bai gane ba, sai ya sunkuyar da kai yana wasa da biro. Ni kuma da yake na riga na yanke cewa gwani ne, ko littafinsa ban ƙara buɗewa da kyau ba. Sakamako ya fito, D7. Mahaifinsa ya zo har zaure, ya ƙi zama, ya ce, "Malam, kai ka ce mini ba shi da matsala." Ya kwashe ƙannensa uku daga wajena. Ban ga laifinsa ba.

Sai daga baya na san cewa an taɓa gwada irin wannan a Amurka. A 1998 wasu masu binciken halayyar ɗan Adam, Claudia Mueller da Carol Dweck, a Jami'ar Columbia, suka bai wa 'yan aji biyar na firamare wasu tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa. Bayan zagayen farko aka ce wa wasu lallai kuna da kai, wasu kuma aka ce lallai kun yi aiki. Da aka kawo masu wuya, waɗanda aka yaba wa kai suka yi sanyi, kuma da aka dawo da masu sauƙi suka yi ƙasa da yadda suka fara. Kusan kashi 40 cikin 100 nasu har ƙarya suka yi kan makin da suka ci. Ranar da na karanta wannan, fuskar yaron nan kawai nake gani. Ni na ba shi rawanin da yake tsoron ya faɗi.

Yanzu ba na sa wa kowa suna. In yaro ya ci, abin da ya yi nake ambata: "Zanen nan da ka fara yi kafin ka taɓa lamba, shi ya fid da kai." Wanda kuma ya gama cikin minti biyu ba na tafa masa, haƙuri nake ba shi don na ɓata masa lokaci da abu mai sauƙi, in miƙa masa wanda zai sa shi gumi. Kiran yaro daƙiƙi ko mai ƙwaƙwalwar kifi kuwa, wannan ba sai na tsaya a kansa ba, duk rami ɗaya ne.

To amma ku da kuka ji an ce a yabi ƙoƙari, ku ma kun zo da naku shirmen, kuma shi ya fi ba ni haushi a yanzu. Yarinya ta kawo 12 bisa 50, malami ya shafa allo ya ce, "Ba komai, ki ƙara ƙoƙari." Wane ƙoƙari? Ka tambaye ta yadda take karatun? Na taɓa samun wadda take kaiwa ƙarfe ɗaya na dare da fitilar waya, tana bin misalan da aka riga aka warware layi bayan layi, kamar mai karanta labarin soyayya, tana gyaɗa kai wai ta gane. Ba ta taɓa rufe littafin ta gwada da hannunta ba. Irin wannan in ka ce ta ƙara ƙoƙari, cewa ka yi ta kai ƙarfe uku tana yin abin da ba ya aiki. Ranar da ta sake faɗuwa za ta ce ai na yi iya yina, ashe dai ba ni da kan lissafi. Da hannunka ka kai ta inda kake cewa kana hana ta zuwa. "Ki ƙara ƙoƙari" maganar malamin da ya ƙi zama ya duba takarda ce, lalaci ne aka yi masa kwalliya. Ita kanta Dweck a 2015 ta fito ta koka cewa an mai da aikinta yabon ƙoƙari zalla, alhali dole a haɗa da sauya dabara da neman taimako.

Maganina daga makarantar allo na ɗauko shi. Alaramma ba ya tambayar almajiri ko ya gane. Cewa yake a kife allo a kawo hadda, inda aka yi tuntuɓe a nan ake tsayawa, kuma ba a wankewa sai ta zauna. Haka nake yi: a rufe littafi, a warware a farar takarda. Sannan kowane ɗalibina yana da littafin kurakurai. Tambayar da ya faɗi zai kwafe ta, ya ja layi da jan biro a daidai inda ya kauce, ya rubuta dalili da Hausa in ya ga dama: na manta alamar ragi, ban karanta tambayar har ƙarshe ba. Ranar Asabar waɗannan kaɗai muke maimaitawa. Wasu abokan aikina na cewa ɓata lokaci ne, manhaja ba za ta ƙare ba. Su dai suna gama manhaja.

Kada kuma ku yi wa iyaye alkawarin abin al'ajabi. Babban gwajin da aka buga a 2019, kan 'yan aji tara (shekarar farko ta babbar sakandare a can) fiye da 12,000 a makarantun Amurka, ya nuna ɗan gajeren darasi kan cewa ƙwaƙwalwa tana buɗewa ya ɗaga makin masu rauni, amma da kaɗan, kusan 0.1 a ma'aunin da ke tsayawa a 4. Masu son kawo labarin direbobin tasi na Landan, waɗanda aka ga wani sashen ƙwaƙwalwarsu ya ƙaru, su riƙa ƙarasa labarin: shekara uku zuwa huɗu suke yi suna haddar tituna kusan 25,000.

Sauran ƙanana ne. Uwa, ki daina cewa a gaban 'yarki duk gidanku ba a iya lissafi, tana ji, kuma izini kika ba ta. Mai cewa in da rabo za a ci, gaskiya ne, amma an ce ɗaure raƙuminka sannan ka dogara ga Allah. Kar a gwada yaro da yayansa, a gwada shi da takardarsa ta watan jiya. Yaron da ya zo aji bai karya ba, ko suna 90 a ɗaki ɗaya ba ya hango allo, kar a ɗora wa tunaninsa laifi. Malamin da ya yi kuskure a allo ya goge da sauri don kar a gani, ya sani sun gani, kuma sun koyi gogewa.

Shi kuwa yaron nan, bayan wata bakwai ya dawo da ƙafarsa, ba da sanin mahaifinsa ba, ya tsaya a ƙofar zaure ya ce, "Malam, tun daga kusurwoyi ban sake gane komai ba." Daga nan muka faro. Ya cika littafin kurakurai biyu, ya sake zama, ya sami C5. Abokansa har yau Kwamfuta suke ce masa, sunan ya ƙi fita.