Faifan tsaka-tsaki mai laushin kai: yadda zaka zaɓe shi da yadda zaka jefa shi

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun da muka fara wasan golf ɗin faifai a filin bayan unguwarmu nan Gombe, tambayar da ƙannenmu suka fi yi min ita ce "Yaya, wane faifai zan sa a kawo min?" kuma kusan kowa idonsa na kan direba, faifan nan mai kaifin baki da suke gani a YouTube ana cillawa ya wuce mita 100 kamar ba zai sauko ba. Ni kam amsata ɗaya ce kullum, ka ajiye maganar direba tukuna, ka nemi na tsaka-tsaki, wato faifan matsakaicin nisa, mai laushin kai, shi zai baka miƙaƙƙen jifa tun hannunka bai yi ƙwari ba kuma shi zai riƙa tona maka kuskurenka.

Ga wanda bai san wasan ba, faifan roba ne kake jefawa daga wurin tsayawa zuwa wani kwando mai sarƙoƙi, wanda ya isa da jifa mafi ƙaranci shi ya ci. Ed Headrick ne ya kafa filin dindindin na farko a Oak Grove Park a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1975, ƙungiyar PDGA mai kula da dokoki kuma ta biyo baya a 1976. A wancan filin na farko ma sanduna aka kafa ake jifa kafin kwando ya zo, shi ya sa mu da muke ɗaura jan tsumma a jikin dogonyaro mu ce nan ne rami, wato inda ake son faifan ya isa, ba mu kauce wa asali ba.

To menene laushin kai? Turawa na ce masa andastebul, mu dai a fili laushin kai muke cewa, kishiyarsa kuma taurin kai. Ka ɗauka kai na-dama ne kana jifan bayan hannu, faifan zai fita yana juyi irin na hannun agogo. Lokacin da yake da gudu sosai yana son karkata dama, in gudun ya fara mutuwa sai ya dawo hagu ya faɗi. Kowane faifai yana da halayen nan biyu, bambancin shine wanne ya fi ƙarfi. Mai taurin kai baya yarda ya tafi dama, da wuri yake komawa hagu, mai laushin kai kuwa ɗan ƙarfi kaɗan ya ishe shi ya miƙe ko ya kwanta dama. In kai bahago ne ko jifan gaban hannu kake yi, duk inda na ce dama ka mayar hagu.

Dalilin da yasa nake nacewa a kansa, kowane faifai akwai gudun da yake buƙata kafin ya tashi yadda aka tsara shi. Direba mai lambar gudu 12 in ka jefa shi da hannun ɗan koyo bazai samu gudunsa ba, mita 40 ya nitse hagu ya daki ƙasa, sai kaga yaro ya fara karkace jiki yana murɗe wuyan hannu don ya tilasta masa miƙewa, daga nan ya koyi mummunar ɗabi'a da sai an sha wahala kafin ta fita. Na gani da idona a kan ƙanin wani abokina, wata uku yana fama da direba, ranar da na miƙa masa nawa na tsaka-tsaki na ce tsaya cak ka jefa a hankali, faifan ya tafi ɗoɗar ya wuce inda direbansa ke faɗuwa, ya juyo yana cewa "Yaya wallahi ban ma sa ƙarfi ba."

Yanzu lambobi. Yawancin faifai zaka ga lamba huɗu a jiki, tsarin da kamfanin Innova ya yaɗa. Ta farko gudu, ta biyu yadda yake shawagi a iska, ta uku karkata dama, ta huɗu dawowa hagu a ƙarshe. Na tsaka-tsaki gudunsa 4 ne ko 5, wani lokaci 6. Lamba ta uku ita ce abin dubawarka, tana kamawa daga +1 zuwa -5, kuma iya nisan da ta yi ƙasa da sifili iya laushin kan faifan. Ka nemi -2 ko -3, ta ƙarshen kuma 0 ko 1. Misali Comet na kamfanin Discraft 4, 5, -2, 1 ne, Meteor nasu 5, 5, -3, 1, Buzzz SS 5, 4, -2, 1. A Innova akwai Stingray 4, 5, -3, 1. Tursas na Westside 5, 5, -2, 1. Fuse na Latitude 64 shi 5, 6, -1, 0 ne, laushinsa kaɗan ne amma yana shawagi sosai. Ka kwatanta su da Roc na Innova mai 4, 4, 0, 3, wannan faifai ne mai kyau amma a hannun sabon shiga hagu kawai ya sani. Akwai kuma irin su Paradox na Axiom mai -4, ni kam ban ba wa mai fara wasa shawarar ya fara da shi ba, da zarar hannunka ya ɗan yi ƙarfi zai riƙa kifewa yana birgima, sai dai yara ƙanana ko wanda jifansa a hankali ne sosai.

Amma fa kar ka ɗauki lambobin nan kamar awon ma'auni. Kowane kamfani shi yake sa wa nasa, PDGA girma da nauyi da siffa take dubawa, bata raba lamba. -2 na wannan kamfani zai iya zama -1 a wancan, kai ko faifai iri ɗaya suna ɗaya in bugun ya bambanta sai kaga ɗan bambanci.

Nauyi ma yana da tasiri. Na tsaka-tsaki da yawa suna kaiwa giram 180, kuma mutane na son mai nauyi don suna ganin shine na manya. In hannunka bai yi ƙarfi ba ka nemi tsakanin 165 da 172, mata da yara ko ƙasa da haka, marar nauyi ya fi saurin samun gudu don haka ya fi saurin miƙewa, illarsa kawai iska tana wasa da shi.

Maganar roba kuwa a nan ne yanayinmu ya shigo. Roba mai araha irin DX ta Innova tana da daɗin riƙo amma saurin cinyewa take, kuma faifai duk sanda ya daki itace ko dutse bakinsa na ƙara lanƙwasa yana ƙara laushin kai. Filinmu tsakuwa ce da busasshiyar ƙasa mai tauri kamar siminti in rani ya yi, DX ɗin da ya zo da -2 kafin damina ta zagayo ya zama wani abu daban. Tunda ba a kasuwa muke tsintar faifan nan ba, sai an yi oda ko wani mai dawowa daga waje ya riƙo maka, gara ka ƙara kuɗi ka ɗauki roba mai ƙarko, Star ko Champion a Innova, ESP ko Z a Discraft. Sai dai ka sani Champion da Z sukan zo da ɗan taurin kai fiye da lambar da aka rubuta, in su zaka saya ka ɗauki -3. Kuma don Allah kar ka bar faifai a dashbod ɗin mota ko a danne cikin but a zafin Maris da Afrilu, roba ce, zata iya lanƙwashewa. Launi kuma ka guji ruwan ɗorawa da ruwan ƙasa, ciyawar hunturu launinta kenan, mun taɓa shafe rabin awa muna tattaka ƙarangiya muna neman ɗaya alhali yana gabanmu, muka fito wando duk ƙaya. Ka ɗauki shuɗi ko ruwan hoda mai haske, ka rubuta sunanka da alƙalamin maka a cikinsa.

To ya iso hannunka, ya zaka jefa?

Riƙo tukuna. Babban yatsa a sama, sauran huɗu a ƙasa, ko ka dunƙule su a jikin bakin ko ka ɗan baza su kamar mafici, ni baza su nake yi don ya fi bani saiti. Wuyan hannu ka ɗan sunkuyar da shi kamar mai shayi yana tsiyayawa a kofi, wannan ne zai sa goshin faifan ya kalli ƙasa kaɗan. In goshi ya ɗaga sama faifan zai hau kamar shirwa, gudu ya mutu, ya faɗo hagu, kai kuma ka ce faifan ne bashi da laushi. Satin farko kar ka yi gudu ko taku, tsaya da gefenka, kafaɗar dama na kallon inda kake nufi, miƙa hannu baya, jawo faifan ta gaban ƙirji a layi ɗaya, ƙugu ya fara juyawa kafin hannu. Ƙarfi kamar kashi bakwai cikin goma ya isa.

Jifan da ya sa ake son faifan nan shine wanda ake sakinsa a haiza ya miƙe da kansa. Haiza na nufin gefen faifan na waje, wanda ke nesa da hannunka, ya sunkuya ƙasa lokacin saki. Mai laushin kai in ka sake shi haka, halinsa na son karkata dama zai ɗago gefen da ya sunkuya har ya kwanta daidai, daga nan ya tafi a miƙe kamar an ja zare, ya sauka ba tare da ya yi wani hagu sosai ba. Wannan shine jifan da zai ratsa maka tsakanin itatuwa biyu. Abin lura a nan, sunkuyon daga ƙugu yake zuwa, ka ɗan ranƙwafa gaba jikinka gaba ɗaya, hannu ya bi layin kafaɗa, kar ka tsaya a miƙe ka ce da wuyan hannu zaka karkata shi. Nawa zaka ranƙwafa? Faifan ne zai gaya maka. In ya miƙe ya zarce dama har ya kife, ƙara ranƙwafawa ko rage ƙarfi. In ya tafi a karkace bai ɗago ba har ya faɗi hagu, ka yi yawa, ɗago kaɗan. Jefa goma, ɗebo, sake goma, a filin ƙwallo in babu kowa, kana canza abu ɗaya tak kowane zagaye.

Na biyu, in itace ya tare ka kuma ramin na dama. Sake shi a kwance daidai, ka bashi tsawo fiye da yadda ka saba, zai tafi ya kwanta dama a hankali ya ci gaba da tafiya can. Tsawon nan dole ne, faifan da ya karkata yana rasa tsawo da sauri, in ƙasa-ƙasa ka jefa gefensa zai caki ƙasa ya birgima inda baka aike shi ba. In kwanar ta yi tsanani sai anhaiza, wato gefen waje ya ɗaga sama, kai kuma ka ɗan gantsare baya. Masu ƙwarewa har da gangan suke kifar da shi ya sauka a kan baki ya yi ta gangarawa kamar garen yara, yana amfani a ƙarƙashin rassa, amma a bari sai hannu ya zauna.

Iska kuwa ita ce ke rikita mutane a nan, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu da iskar hunturu ke busowa daga arewa maso gabas. In iska na dukan fuskarka, faifan ji yake kamar gudunsa ya ƙaru, laushinsa sai ya ninku, Meteor ɗin da jiya ya tafi ɗoɗar yau zai kife tun mita 30. A irin wannan ka mayar da shi jaka ka ɗauko mai taurin kai, in shi kaɗai gare ka to ƙara haiza sosai ka jefa ƙasa-ƙasa. In iskar daga bayanka take, nan ne ranarsa, don iskar baya tana sa kowane faifai taurin kai, mai laushin sai ya zama daidai. Haka in kana jifa zuwa tudu. Kafin kowane jifa ni ƙura nake ɗiba da yatsu in saki in ga inda ta nufa.

Wani abu da nake so a gane, ba kullum kifewa ke nufin faifan ya yi maka laushi ba. Ka kalle shi lokacin da ya bar hannunka, in yana rawa yana kaɗawa kamar murfin tukunya a kan wuta, matsalar daga sakinka ne, ko ka mirgina wuyan hannu tafin ya kalli sama a ƙarshe, ko hannunka ya zagayo a baka maimakon layi. Mai taurin kai ɓoye wannan yake yi, mai laushin kai kuwa nan take zai nuna. Sa wani ya ɗauke ka bidiyo da waya daga baya, ka duba tafin hannunka bayan saki, ya kamata ya ci gaba da kallon ƙasa har hannun ya gama zagayowa.

Sai kula da mutane. Filinmu hanya ce ta yara masu zuwa islamiyya da masu kiwo, faifai mai giram 170 in ya samu mutum a fuska ba wasa bane, kuma mai laushin kai shi ya fi saurin zuwa inda ba a nufa ba in iska ta kama shi. Ka jira hanya ta yi fili, in ya kuɓuce ka ɗaga murya ka ce hattara. Wani dattijo mai awaki ya taɓa tsayawa yana kallonmu, ya ɗauki Comet ɗina ya jujjuya ya ce "Yaro, wannan ai faifan rufe ƙwarya ne." Na ce "Baba gwada mana." Ya gyara tsayuwa ya sake shi a hankali ba wani ƙarfi, ya tafi a miƙe kusan mita 30.

In naka ya tsufa har ya zama ko a haiza kifewa yake, kar ka yar, ajiye shi don jifan birgima da kwana mai tsanani, ko ka ba wani ƙaramin yaro da zai yi masa daidai, kai kuma ka sa a kawo maka sabo irinsa, suna ɗaya roba ɗaya nauyi ɗaya, ka fara jefa shi tun tsohon bai gama lalacewa ba.