Shawara ga masu son ɗaga a-kori-kura don saka manyan tayoyi

Salam 'yan uwa. Masu tsohuwar Hilux da ke jigilar buhuna hanyar Dukku ko ƙauyukan Kumo, in za ku ɗaga mota don Allah kar ku wuce inci 2. Na ga masu cusa ƙarfe ƙarƙashin sifirin har inci 4, wallahi hatsari ne, mota in ta yi tsayi kuma ga buhun masara 20 a baya, a kwanar hanya ɗaya sai ta nemi kifewa.

A bayan motar gara a ƙara ganyen sifirin ɗaya, a canza yubol (ƙusoshi masu siffar U da ke ɗaure sifirin) sababbi, kar bakanike ya mayar maka da tsofaffin. Shokoziba ma sai dogo, sannan a duba tiyon birki kar ya ɗame in mota ta faɗa rami, wannan shi mutane suka fi mantawa kuma shi ya fi ban tsoro. Ana gamawa a je alaimen, wato a daidaita saitin tayoyi.

Taya mai tsayin inci 31 ta isa, in ka wuce haka za ta riƙa gogar bodi, shan mai zai ƙaru, kuloci ya wahala a hawa, kuma mita za ta nuna gudu ƙasa da wanda kake yi.