Yadda ake koyon tuƙin mota a Damagaram har a samu permi

Ranar da na fara shiga motar koyo, shekara goma sha ɗaya ke nan ina bisa moto. Babu lungun Birni ko na Zango da ban ratsa ba, don haka na zo da tunanin mota ai moto ce mai ƙafa huɗu. Malamin da aka haɗa ni da shi bai bar ni na taɓa makulli ba. Ya dubi ƙafata ya ce, "Malam, silifas ɗin nan a gida za ka riƙa barin su." Ya dubi hannun babbar rigata ya ce in naɗe, kada ya sarƙe da sandar bites, wato giyar mota. Rabin darasin ranar a kan zama ya ƙare: matso da kujera, gyara madubi uku, ɗaura santir, wato bel ɗin kujera. Na koma gida ina ƙunƙuni, ina ganin an ci mini kuɗi. Daga baya na gane mutumin ya san da wa yake magana. Yawancinmu a garin nan daga moto muke zuwa mota, kuma abin da moto ta koya mana shi ne yake kayar da mu ranar jarrabawa.

Ka fara da sanin permin da kake nema. Na ƙaramar mota shi ne B, ana ba wanda ya cika shekara 18, kuma ya ƙunshi motar da nauyinta bai wuce tan uku da rabi ba, mai kujeru tara har da ta direba. A na moto ne, C na manyan motocin kaya, D na safa-safa masu ɗaukar mutane. Ko burinka tankar man da ke fitowa daga matatar SORAZ ne, ta B za ka shiga. Makarantar koyon tuƙi, wadda kowa ke kira oto-ekol, ita ke haɗa maka dosiye, wato tarin takardunka, ta kai ofishin sufuri na jiha. Ka tanadi takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa, hotuna da takardar likita, sannan ka sa su rubuta maka sauran abin da ake bukata a takarda, ranar farko. Ka duba sunanka da kyau. Idan takardar haihuwa ta ce Mahamadou, katin ya ce Mahaman, gyara shi tun yanzu, don wannan ƴar matsalar tana iya zaunar da dosiye watanni.

Kafin ka biya ko dala, je ka zauna a makarantar wuni guda ka yi kallo. Kada allon da ke bakin ƙofa ya ruɗe ka. Leƙa cikin motar, ka ga ko akwai birki da ambireyaji, wato kuloci, a gefen malami, don motar da ba ta da su ba motar koyo ba ce. Ƙirga ɗalibai nawa ake cusawa a fita ɗaya, kuma minti nawa kowa ke riƙe bolan, wato sitiyari. Wani wurin za a ce maka darasin awa guda ne, amma ku biyar ne a ciki, rabonka bai fi minti goma ba. Ka tambaya ko kuɗin da aka faɗa ya haɗa da na jarrabawa, da abin da za ka ƙara in ka faɗi, kuma duk abin da ka bayar ka karɓi rasi. Sai ka saurari malamin yana koyar da wani. Mai tsawa ba ya koyar da komai sai tsoro, kuma ƙafar mai tsoro rawa take bisa ambireyaji. Idan faransancinka bai yi ƙarfi ba, ka nemi wanda zai warware maka kod da Hausa, amma ya bar maka sunayen abubuwa yadda za ka ji su a bakin mai jarrabawa.

Kod shi ne dokokin hanya, kuma nan ne ƴan moto ke raina abu su sha kunya. Kada ka haddace alamomi ɗaya-ɗaya kamar karatun allo. Siffarsu za ka fara riƙewa. Mai kusurwa uku da jan baki gargaɗi ne, akwai haɗari a gaba: cikin gari ana kafa shi wajen mita 50 kafin wurin, a daji wajen mita 150. Zagayayye mai jan baki hani ne. Zagayayye shuɗi umurni ne, dole ka bi. Mai kusurwa huɗu shuɗi sanarwa ce kawai. In ka riƙe waɗannan huɗu, ko alamar da ba ka taɓa gani ba za ka san inda ta dosa. Sauran uku da ba a wasa da su: STOP mai kusurwa takwas, mai kusurwa uku da aka kifar wanda ke cewa ka ba da hanya, da ruwan ɗorawa mai siffar lu'u-lu'u da ke nuna hanyarka ce babba.

Abin da ya fi wahala shi ne wa zai fara wucewa a mahaɗa. A Nijar dama muke bi, kuma inda babu alama, babu wuta, babu ɗan sanda, wanda ya fito ta damarka shi ke da hanya, ko amalanken jaki ne. A kan moto mun saba da wata doka dabam, wadda ta ce wanda ya riga sa kai shi ya ci. Ka cire ta daga kanka. Ka kuma riƙe jerin nan: hannun ɗan sanda ya fi wuta, wuta ta fi alama, alama ta fi dokar dama. A rompuwan, wato shataletale, in akwai alamar ba da hanya a mashiga, na ciki ne ke da iko, kai mai shigowa ka jira. Ni da ƙwallayen goruba na koyi wannan. Malam zai zana mahaɗa a ƙasa da tsinke, ya jera ƙwallo huɗu, ya ce, "To, wa zai tashi?" Ka yi haka a gida da yara, za su riga ka ganewa.

Akwai wani lissafi da ake koyarwa a kod wanda ya cancanci ka yi tafiya da shi har abada. Gudun cikin gari kilomita 50 ne a awa. A wannan gudun mota na cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, kuma daƙiƙa ɗayan nan ita ce tsakanin ganin yaro da taka birki. Don sanin inda za ka tsaya cak, ɗauki lambar farko ka ninka ta da kanta: a 50, biyar sau biyar, mita 25. A 90, mita 81, kusan tsawon filin ƙwallo. Wannan a busasshen gudron ne, wato kwalta, da tayoyi masu kyau. Inda iska ta share rairayi ta zuba bisa hanya, ko ruwan Agusta ya sauka, sai abin ya ƙaru sosai.

Yanzu ƙafafu. Ta hagu aikinta ɗaya, ambireyaji. Ta dama ita ke tsakanin birki da totur, ba a taɓa taka birki da hagu. Tabbatar bites na puwanmor, wato ba ya cikin kowace giya, kafin ka tayar. Taka ambireyaji har ƙasa, sa na ɗaya, ka ɗan ba da wuta, sannan ka ɗago ƙafar hagu a hankali. Akwai wani wuri da muryar injin ke sauka, gaban motar ya ɗan motsa kamar raƙumi zai miƙe. Tsaya nan. Riƙe ƙafar daƙiƙa biyu, motar ta fara tafiya, sannan ka ƙarasa sakewa. Duk sirrin yana wurin nan, kuma wanda ya iya kulocin moto da hannu ya riga ya san abin, ƙafarsa ce kawai ba ta sani ba. Mota za ta mutu maka sau ashirin a makon farko. Babu komai. Birki, puwanmor, sake tayarwa. Ka roƙi malam ya ba ka darasi guda cur na tashi da tsayawa kawai a fili, ba tare da zuwa ko'ina ba. Ya fi maka zagaya gari sau uku. In ka samu wannan, tashi a kan tudu ya zo da sauƙi: ja birkin hannu, nemo wurin nan da injin ke sauke murya, ƙara wuta, sauke birkin.

Canza bites ba ya ɗaukar lokaci, kunne ke koya. Abu ɗaya: kada ka kalli sandar, kuma kada ka bar ƙafa tana hutawa bisa ambireyaji, cinye shi take yi.

Ido shi ne aikin da ke daɗewa. Ɗan moto ya saba da faɗin kafaɗarsa, inda kai ya shiga jiki ya shiga. A mota kana zaune a hagu, kuma akwai fiye da mita guda na ƙarfe a damarka da ba ka jin sa. Shi ya sa sabon direba ke goge mai turin ruwa ko ya kwashe tiren mai goro. Ka sa malam ya ajiye gwangwani a ƙasa, ka yi ta matsowa har ka san inda tayar dama take ba tare da ka gan ta ba. Kafin kowace juyawa tsarin ɗaya ne: madubin ciki, madubin gefe, kilinyota (fitilar nuna inda za ka juya), sannan ka waiga da kanka, don akwai wurin da madubi ba ya nunawa, kuma daidai nan ɗan kabu-kabu yake son maƙalewa. Ga ƴan uwa mata, ki ɗaure hijabi yadda ba zai rufe gefen ido ba in kin waiga. Kuma ka dubi nesa, ba hancin motarka ba. Akuya ɗaya ta tsallaka, to akwai ƴaƴanta a baya. Ƙwallo ta gangaro, yaro na biye.

Kada ka yarda duk darasinka ya ƙare a fili da hanyoyin da babu kowa. Bayan hannunka ya faɗa, ka ce a kai ka wajen Kasuwar Dole, daga baya ma ranar Alhamis da ƙauyuka ke shigowa, ka ji yadda ake tafiya da bites na ɗaya tsakanin adaidaita da amalanke. Ka nemi a shiga da kai unguwa mai rairayi: bites na biyu, wuta daidai, kada ka tsaya a tsakiya, kada ka murɗe bolan da ƙarfi. Ka nemi fita ɗaya a babbar hanya, ko ta Mirya ko ta Takeita, don ka ji iskar da tirela ke bugo ƙaramar mota da ita in kun yi kiciɓis. Lokacin zafi ka karɓi darasin safe. Ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, cikin motar da babu sanyi, ba abin da ke zama a kai.

Sai kireno, wato shigar da mota da baya tsakanin motoci biyu a gefen hanya. Shi ne dodon ɗalibai, alhali lissafi ne kawai. Sa kilinyotan dama. Tsaya daura da motar gaba, tazarar kamar kamu biyu tsakaninku, bayanku ya yi daidai. Sa bites na baya, duba ko'ina, murɗe bolan duka zuwa dama, ka tafi a hankali kamar mai tallar ƙwai, ambireyaji ne ke riƙe da gudun. In motar ta karkace rabi, har ka hango gaban motar baya a madubin hagu, miƙe tayoyi ka ci gaba. Da hancinka ya wuce bayan motar gaba, murɗe duka zuwa hagu, ta shige. Gyara, ka bar wa kowa wurin fita. A makaranta da sanduna ake yi, kuma wasu malamai na koya maka dabara irin "in sanda ta zo daidai wannan tabon na gilashi, murɗa". Dabarar na aiki a motar nan kaɗai. Ka tambayi dalilin kowace murɗawa, don motar gidanku ba ta da wannan tabon.

A jarrabawa da kod ake farawa, kuma sai ka haye shi ake maganar tuƙi. Wani zai raɗa maka cewa akwai hanyar da permi ke fitowa ba tare da wannan wahala ba. Takardar za ta iya shiga aljihunka, amma ba ta san mita 81 ba, kuma iyalinka ne a kujerar baya. Mako guda kafin ranar, ka sa malam ya zauna shiru kamar mai jarrabawa, ya ba ka umurni kawai, ya rubuta kurakuranka. Ranar kuwa ka karya kumallo, ka zo da katinka da wuri, da rufaffen takalmi, don jira ake yi mai tsawo. In ka shiga, yi abin nan da na raina ranar farko: kujera, madubi, santir, puwanmor. Ka bar mai jarrabawa ya ga kanka na motsi in kana duba madubi, don ba ya karanta zuciya. In ba ka ji umurni ba, ka ce a maimaita. In mota ta mutu, tayar da ita cikin natsuwa, wannan bai kai laifin ƙin ba da hanya ko taka layin da bai yanke ba.

Ni a STOP na faɗi karon farko. Kirenona ya fita tsaf, har na fara murmushi. Muka iso alamar, na duba hagu da dama, babu ko kaza, na rage gudu na silale kamar yadda na yi shekara goma sha ɗaya ina yi. Mutumin bai ɗaga murya ba, ya ce in faka a gefe. STOP na nufin tayoyi huɗu su tsaya cak a bakin layi, ko da tsakar dare ne. Da na koma wurin malam, sai ya ce, "Moto ce ta tuƙa ka yau." A karo na biyu na tsaya, na ƙirga uku a zuci, na waiga, sannan na sa na ɗaya.

In permi ya fito, kafin ka ari motar yayanka ka duba takardunta: kartigiris (ta rajistar mota), asurans (inshora), binyet (ta harajin mota) da takardar bizit (ta gwajin lafiyar mota), don jandarmomin da ke mafitar gari za su tambaya. Fitarka ta farko kai kaɗai ka yi ta bayan sallar asuba, kafin ƴan makaranta su cika hanya, ka kashe rediyo, ka sa waya a aljihu, ka je ka sha mai ka dawo.