Neman aikin koyarwa a jami'a: fara da masu yi maka shaida

Da zarar ka ga tallan gurbi, ka tuntuɓi waɗanda za su rubuta maka wasiƙar shaida. Cike fom ya biyo baya.

Galibi mutum uku ake nema, kuma daga hannunsu ake son wasiƙar ta fito, ba naka ba. Ɗaya ya makara, sai kwamitin tantancewa ya ajiye fayil ɗinka gefe, komai kyawun takardunka.

Ka ba su aƙalla mako biyu. Aika musu tallan, da CV ɗinka, da ranar rufewa, da layi uku kan kwasa-kwasan da ka koyar da binciken da ya dace da sashen. Farfesa mai ɗalibai barkatai ba zai tuna duka ba.

Malamin da ya duba kundin digirinka ya kasance cikinsu. Rashinsa yakan jawo tambaya.

Sa imel ɗinsu na jami'a a cikin fom ɗin. Ka ce su riƙa leƙa akwatin spam, can saƙon da jami'ar za ta aika musu na neman wasiƙar yake yawan faɗawa.

Sai dai wasu jami'o'in ba sa neman wasiƙa sai sun fitar da 'yan intabiyu. A nan sanar da masu yi maka shaida kawai ya isa, kada ka sa su rubuta tukuna.