Kurakuran da ke cinye wa ɗalibai maki a rubutun insha'i

Duk malamin da ya taɓa zama gaban tarin takardun jarrabawa a Sakkwato, ko na 'yan ajin ƙarshe na sakandare masu shirin WAEC da NECO, ko na sababbin shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ya san wani abu mai ban takaici: da yawa daga cikin masu samun maki kaɗan sun yi karatu. Sun kwana a kan handawut, sun haddace shi tas. Abin da ya kayar da su shi ne sun amsa tambayar da ba ita aka yi musu ba.

Ga misali daga darasin Gwamnati. An tambaya: me ya sa mulkin da Turawa suka yi ta hannun sarakuna ya zauna da gindinsa a Arewa? Ɗalibi na hango “mulki ta hannun sarakuna” sai ya saki alƙalami. Ya kawo ma'ana, ya kawo tarihin Gwamna Lugga, ya jera siffofin tsarin, ya bi da amfaninsa da illolinsa. Shafi biyu sun cika, “me ya sa” ɗin kuwa layi biyu ya samu a can ƙasa, in ma ya samu. Mai duba takarda yana da jerin abubuwan da aka ware wa maki, ba zai biya ka ladan aikin da ba a sa ka ba. Alhali amsar tana nan cikin garin da kake zaune. Turawa sun tarar da daula shiryayya tun jihadin da ya fara a 1804, da sarakuna masu biyayya ga Sarkin Musulmi, da alƙalai, da hanyar karɓar haraji. Da suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903 ba su rushe gadon sarautar ba, sai suka naɗa Attahiru na Biyu. Su kansu kuma ba su da isassun ma'aikata da kuɗin da za su mulki ƙasa mai faɗi haka kai tsaye. Dalilai ke nan, kowanne ya isa sakin layi guda.

Saboda haka, kafin ka rubuta komai, nemo kalmar da ke ba da umarni a cikin tambayar, da Hausa aka yi ta ko da Turanci. “Lissafa” tana son jeri. “Bayyana” tana son dalili da misali. “Kwatanta” tana son abu biyu su riƙa haɗuwa a kowane sakin layi, ba ka gama da ɗaya a shafin farko ka koma ga ɗayan a na biyu ka bar wa malam aikin haɗawa ba. “Tattauna” kuwa tana son ka ji ta bakin kowane ɓangare, sannan ka faɗi inda ka tsaya. Daga nan ka gwada faɗin amsarka cikin jimla ɗaya. In jimlar ta ƙi fitowa, ba ka shirya fara rubutu ba tukuna.

Wannan jimlar ce ya kamata ta zauna a gabatarwa. Amma dubi abin da aka saba cika gabatarwa da shi: “Tun fil azal ɗan Adam yake fama da…”, ko “Masana da dama sun tofa albarkacin bakinsu a kan wannan batu”, ba tare da an ambaci masani ko ɗaya ba. Layi goma sun tafi, ba a ce komai ba. Layi huɗu sun ishi gabatarwa: abin da ake magana a kai, matsayarka, da hanyar da za ka bi.

Har yanzu a Gwamnati, akwai ruɗanin muƙamai da shekaru, wanda ke zubar da mutuncin amsa mai kyau nan take. Sai ka ga an kira Abubakar Tafawa Ɓalewa shugaban ƙasa, alhali Firayim Minista ne a tsarin majalisa irin na Ingila. An kira Sardauna gwamnan Arewa, alhali Firimiya ne. Sa Kashim Ibrahim ne ya riƙe gwamna daga 1962. An cakuɗa samun 'yanci na 1960 da zama jamhuriya na 1963. Shugaban ƙasa na farko da aka zaɓa da cikakken ikon zartarwa namu ne na gida, Alhaji Shehu Shagari, daga 1 ga Oktoba 1979 zuwa ƙarshen Disamba 1983. Haka jihar nan: Jihar Arewa maso Yamma a 1967, Jihar Sakkwato a 1976, aka cire Kebbi a 1991, aka cire Zamfara a 1996. Ware shafi ɗaya a littafinka ka jera irin waɗannan bi da bi, ka riƙa leƙawa. Shekarar da ba ka tabbatar da ita ba kuwa, bar ta. “A Jamhuriya ta Farko” ya fi shekarar ƙarya daraja.

Darasin Tattalin Arziki shi ne inda na fi jin haushin asarar maki, domin ɗan Sakkwato cikin misalan yake kwana yana tashi, amma da ya shiga ɗakin jarrabawa sai ya bar su a bakin ƙofa. Ga irin sakin layin da ake yawan gani:

“Hauhawar farashi ita ce tsadar kaya. Misali, albasa ta yi tsada a kasuwa. Wannan ya jefa talaka cikin wahala. Ya kamata gwamnati ta duba.”

Jimla huɗu, babu wadda ta tsaya da ƙafarta. Tsadar albasa ita kaɗai ba hauhawar farashi ba ce. Kowa ya san lokacin cirar albasa da rani a fadamun Wurno da Goronyo buhu kan faɗi warwas, domin kowa ya kawo kasuwa a lokaci guda. Da damina ta yi nisa, wadda aka ajiye ta ragu, wata ta ruɓe, motocin Kudu kuma ba su daina zuwa ba, sai kuɗinta ya tashi. Wannan sauyin yawan kaya ne a haja guda, kuma kaka mai zuwa zai sauko. Hauhawar farashi kuwa ita ce kusan komai ya tashi tare, ya kuma ci gaba da tashi, har naira dubu ta kasa sayen abin da take saye bara. Ga yadda za a gyara shi:

“Hauhawar farashi ita ce tashin farashin kayayyaki gaba ɗaya na tsawon lokaci. Ɗaya daga cikin dalilanta shi ne tsadar samar da kaya. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, manomin rani da ke ban ruwa da inji ya koma kashe kuɗi fiye da da, direban da ke ɗauko kayan daga ƙauye ya ƙara kuɗin mota, mai sayarwa ya ɗora duka a kan mai saye. Da yake fetur ya shafi kusan kowace sana'a, tashin bai tsaya a haja ɗaya ba.”

Lura da abin da ya sauya. An nuna matakan da ke tsakanin dalili da sakamako ɗaya bayan ɗaya, nan ne makin yake. Ɗalibai kan yi tsalle daga “an cire tallafi” zuwa “abinci ya yi tsada”, su ɗauka malam zai cike tsakiyar da kansa. Sai dai a yi hattara da misalin ma: manyan motocin da ke zuwa Legas dizal suke sha, shi kuwa dama ba ya cikin tallafin.

Wani kuskuren shi ne na ragon Layya. Ɗalibi zai ce dokar buƙata, wadda ta ce in farashi ya tashi saye kan ragu, ta karye, tunda rago ya yi tsada a kasuwar Kara ana kuma ta saye. Ba ta karye ba. Sallah ce ta ƙara masu buƙata a kowane farashi, layin buƙata ya matsa dama gaba ɗayansa, shi ya ja farashi sama. In ka zana hoton, rubuta “farashi” da “adadi” a gefunansa, ka kuma yi magana a kansa cikin amsar. Zanen da aka yasar a tsakiyar shafi babu suna babu bayani ado ne kawai. In tambayar ta ciniki tsakanin ƙasashe ce, ga Illela nan a kan iyakar Nijar: an rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Wa ya ci riba, wa ya yi asara? Ka san amsar fiye da littafin da aka rubuta a Ibadan.

A Adabi, cutar guda ce: maimaita labari. An ce ka tattauna jigon bauta, wato kamu da cinikin bayi, a cikin littafin Shaihu Umar, sai ka fara daga haihuwar Umar ka bi shi har girmansa. Malam ya karanta littafin, shi ya sa ku karanta shi ma. An yi tuya an manta da albasa. Abin da yake jira shi ne ka ce wani abu game da labarin. Me ya sa marubucin ya sa Shaihu Umar da kansa, yana babban malami, yake ba almajiransa labarin da bakinsa? Me wahalar da uwarsa ta sha wajen nemansa ta nuna game da abin da bauta ke yi wa iyali? Ka faɗi maganarka, ka kawo wurin da ya tabbatar da ita daga littafin a taƙaice, sannan ka bayyana yadda ya tabbatar. Mataki na ukun nan shi ake yawan tsallakewa. Haka a waƙa: “mawaƙin ya yi amfani da kamantawa da mutuntarwa da kambamawa” ba nazari ba ne sai ka nuna ɗangon, ka faɗi aikin da salon ya yi a wurin. Kada kuma a auna waƙar baka da mudun rubutacciya. Ita rubutacciya ana duba baiti da amsa-amo da ma'auni. Ta baka tana da gindi, wato layin da ake ta komawa kansa, da ɗiya, wato sassan da ke tsakani, da 'yan amshi da kiɗa.

Idan aka zo batutuwan zamantakewa, irin su bara da talla da shaye-shaye, sai alƙalami ya koma wa'azi. Iyaye su ji tsoron Allah, matasa su yi wa kansu faɗa, gwamnati ta tashi tsaye. Maganganu ne na gaskiya, amma kowa na iya faɗinsu ba tare da ya shiga aji ba. Wace gwamnati, ta yi me, da wane kuɗi? Wanda ya san dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta, kuma sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓi tallafin tarayya, ya riga ya wuce sa'o'insa. Wanda ya tuna an buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, nan Sakkwato, a 2012, ya kuma tambayi me ya sa gina makarantu kaɗai bai raba yara da bara ba, ya shiga nazari. Ka kuma raba almajirci, wato neman ilimi, da bara; cakuɗa su kuskure ne na tunani tun kafin ya zama na rubutu. Sannan a daina ƙirƙiro alƙaluma. “Kashi casa'in cikin ɗari na matasa” daga ina? In kana da adadi daga Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, kawo shi da shekararsa. In babu, “da yawa” ta wadatar.

Aikin gida kuwa yanzu waya ce ke yi wa mutane. Ana gane shi daga nesa: Turanci ya yi santsi fiye da na mai shi, misalan duk na Amurka, farashi da dala. Ka karanta a intanet, babu laifi, amma ka rufe wayar ka rubuta abin da ka fahimta, ka kuma faɗi inda ka samo. Mai rubutu a kan tarihin daular nan yana da ɗakin karatu na Abdullahi Fodiyo a jami'a, ga kuma cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a cikin gari.

Masu amsawa da Hausa suna da tasu matsalar ta daban, kuma tamu ce ta nan. Sakkwatanci Hausa ce cikakkiya, babu mai raina ta, amma jarrabawa daidaitacciyar Hausa take nema. “Munka tahi” a baki, “muka tafi” a takarda. “Wanga” ya koma “wannan”, “hwari” ya koma “fari”. Abin da ya fi muni shi ne a gauraya biyun a sakin layi ɗaya. Sai rabawa da haɗawa: “yana” da “gidansa” a haɗe, “shi ne” da “ita ce” a rabe. Ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ kuma ba kwalliya ba ce, ita ke raba “baki” da “baƙi”.

Kammalawa ba wurin sabuwar hujja ba ce, kuma “Allah ya sa mu dace” addu'a ce mai kyau amma ba a ware mata maki ba. Jimla biyu ko uku da ke faɗin inda hujjojinka suka kai ka sun isa. Ka raba lokacinka gwargwadon makin kowace tambaya tun da farko, don an sha ganin wanda ya yi shafi huɗu a tambaya ta ɗaya ya bar ta ƙarshe fayau. In ka ga lokaci zai ƙure maka, jera sauran hujjojin a gajerun jimloli cikakku, kowace da misalinta guda, domin a kan kowace hujja ake ba da maki.