Idan Sinadarin Tafkin Ninkaya Ya Zube a Gida

Da farko ka fitar da yara, ka buɗe ƙofa da tagogi. Sannan ka sa safar hannu ta roba da tabarau.

Idan garin kulorin ne, wato sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, kada ka yayyafa masa ruwa, zai ɗau zafi ya fitar da hayaƙi. Share shi da busasshiyar tsintsiya, ka zuba a bokitin roba mai tsafta. Kada ka mayar da shi mazubinsa, domin idan datti ko mai ya taɓa shi, wuta na iya tashi.

Asid kuwa, barbaɗa masa bekin soda har kumfar ta lafa, ka wanke wurin.

Don Allah kada kulorin da asid su haɗu, iskar da suke fitarwa tana ƙona huhu. Idan ɗayansu ya fantsama a ido, wanke da ruwa minti 15, a tafi asibiti.