Idan manhaja ta ƙi haɗuwa da rumbun bayanai, a duba kalmar sirri tukuna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga wata 'yar shawara ga masu haɗa manhaja da PostgreSQL, wato wani nau'in rumbun bayanai.

Layin haɗin yakan zo kamar haka: postgresql://suna:sirri@adireshi:5432/rumbu. Ku lura da alamar @ ɗin nan, ita ce iyaka tsakanin kalmar sirri da adireshin saba (server), wato kwamfutar da rumbun yake kai. To idan kalmar sirrinka ita ma tana ɗauke da @, sai manhajar ta rikice, ta yanke layin a inda bai dace ba, ta ce maka ba ta ga saba ba, alhali saba lafiyarta ƙalau. Sai mutum ya kwana yana zargin intanet. Maganin shi ne a cikin kalmar sirrin a rubuta %40 a madadin @, %23 a madadin #, %2F a madadin /.

Masu MySQL, wani nau'in rumbun bayanan daban, lambar tasharku (port) 3306 ce, ba 5432 da ke cikin layin can na sama ba.

Sannan don Allah kada a bar layin nan cikin fayilolin da za a tura GitHub, shafin intanet da ake ajiye fayilolin manhaja. A ajiye shi a fayil mai suna .env, a sa sunan fayil ɗin cikin .gitignore, wato jerin fayilolin da ba za a tura ba. In har layin ya taɓa hawa GitHub, gogewa ba ta wadatar, yana nan daram a tarihin Git, manhajar da ke adana canje-canjen da aka yi wa fayiloli. A canza kalmar sirrin nan take.